Ƙanena ya makance, ya daina zuwa sujada, ku ba ni shawara

Salama a gare ku 'yan'uwa. Daga Wusasa nake rubutu. Ƙanena da nake riƙo, hawan jinin ido ya cinye masa gani gaba ɗaya. A da shi ke jan waƙa a kwaya, yanzu ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Ranar da na kai shi sujada, wata mata ta danƙa masa naira ɗari a hannu kamar mai bara, wasu kuma sai ni suke tambaya "yaya jikinsa?" alhali yana tsaye a gabansu. Iyayen yarinyar da aka yi masa baiko da ita sun fara ja da baya, har ana raɗe-raɗin wai wani alhaki ne ke bin gidanmu. Ya ce ba zai ƙara zuwa ba. In matsa masa ne, ko in ƙyale shi?

Dattijo daga Tudun Wada:
'Yata, sannu da ɗawainiya. Masu maganar alhaki su buɗe Yohanna 9. Almajirai ma haka suka tambaya, zunubin wa ya sa aka haifi mutumin makaho, nasa ko na iyayensa? Yesu ya ce ba ko ɗaya. Firistoci 19:14 ta hana a sa wa makaho abin tuntuɓe, ni kuwa a ganina tsegumi ma tuntuɓe ne. Ki sami fasto, a yi wannan koyarwa daga kan bagade, ba a bayan fage ba.

Maman Biyu:
Anti, ki kai shi addu'ar dare a ɗora masa hannu. Ba abin da ya gagari Ubangiji.

Malamin makaranta, Samaru:
Maman Biyu, addu'a ba laifi, amma ni makaho ne, bari in faɗi yadda abin yake daga ciki. Duk taron da na shiga sai wani ya ja hannuna zuwa gaba ba tare da ya tambaye ni ba, in ido bai buɗe ba a ce bangaskiyata ce ta gaza. Wannan ya fi makantar ciwo. A Markus 10, jama'a suna ta kwaɓar Bartimawas ya yi shiru, Yesu kuwa ya tsaya ya tambaye shi me yake so a yi masa. Yaya, kin taɓa tambayar ƙanenki haka? Kada ki matsa masa. Muryarsa ba ta makance ba, shugaban kwaya ya zo da mutum biyu su yi gwajin waƙa a tsakar gidanku, a tura masa kalmomin ta saƙon murya. Ya koyi tafiya da farar sanda, ya koyi rubutun Braille mai ɗigo shida. A Gindiri akwai makarantar makafi tun 1953. Wannan saƙon ma da kaina na rubuta shi, wayata ke karanta mini komai. In aiki aka hana shi saboda ido, akwai dokar hana wariya ga nakasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019.

Nas daga Sabon Gari:
Ganin da hawan jinin ido ya ɗauke ba ya dawowa, ba kamar yanar ido ba da ake cirewa da tiyata. Kuma yana bin jini, don haka ke da yaranki ku je a auna idanunku, ko a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Shi ma ya ci gaba da ganin likita.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Malam, ko za ka yarda ka yi magana da shi ta waya? Batun baikon kuma ba wanda ya taɓo, yarinyar tana kiransa kullum, iyayen ne matsalar. Baba, wa ya dace mu tura musu?