Admin ya cire ni daga zauren unguwa don na tambayi lissafi, ina ake kai ƙararsa?

Tela Mai Keke:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Muna da zauren WhatsApp na unguwarmu, an buɗe shi ne lokacin da transfoma ta ƙone aka yanka wa kowane gida abin da zai kawo. Aka tara, aka gyara, wuta ta dawo. Da damina ta gabato sai aka sake yanka mana na yashe kwata. Ni kuma na rubuta cewa kafin mu ƙara zura hannu a aljihu, a nuna mana yadda aka kashe na farko, ko da hoton rasit ɗin mai gyara ne. Ban zagi kowa ba, da "don Allah" ma na fara. Ina kan keke ina haɗa wuyan riga, na ɗaga waya sai na ga saƙon babu, a wurinsa an rubuta admin ne ya goge. Bayan la'asar aka cire ni, kuma maƙwabcina ya ce an kulle zauren, sai admin kaɗai ke magana. Wanda ya yi haka shi ya buɗe zauren, kuma asusunsa aka tura wa kuɗin. Da asuba sahu ɗaya muke, yana miƙo min hannu kamar ba abin da ya faru. To shi wa ke cire shi?

Ɗan Kwamfuta:
Wa alaikumussalam Yaya. Gaskiya mai ɗaci: a WhatsApp wanda ya buɗe zaure ba mai iya sauke shi, ko sauran admin ɗin, sai in shi ya fita da ƙafarsa. Tun 2018 aka ba su damar kulle bakin kowa, a 2022 kuma aka ƙara musu ikon goge saƙon wasu, a shekarar da aka faɗaɗa zaure ya kai mutum 1,024. Iko sai ƙaruwa yake, amma ba a yi wa mambobi ƙofar ɗaukaka ƙara ba. In ka danna wurin kai rahoto, saƙonni biyar na ƙarshe ne ke zuwa wa kamfanin, su kuma damfara da batsa da barazana suke dubawa, ba kuɗin transfoma ba. Telegram na ajiye bayanin abin da kowane admin ya yi na awa 48, sai dai su admin ɗin kaɗai ke gani. Inda na ga an yi abin da hankali shi ne Wikipedia, kundin ilimin nan na intanet. Can jama'a ke zaɓen admin, duk wanda admin ya toshe da duk shafin da ya goge yana rubuce a fili da sunansa da lokaci. A ta Turanci akwai kwamitin sasanci tun 2003 da ke iya ƙwace muƙamin, a 2024 kuma suka ƙara tsarin kiranye: editoci 25 suka sa hannu cikin kwana 30, dole mutum ya sake neman amincewa ko ya ajiye.

Hajiya Uwar Adashi:
Malam Tela, ni admin ce a zauren adashinmu, bari in ɗan kare 'yan uwana. Aikin nan ba ko sisi. Sha biyun dare wata za ta turo bidiyon gawa, wata tallan atamfa, wasu biyu su kaure da faɗan siyasa, in ka yi shiru a ce ba ka aiki, in ka goge a ce mulki ya hau maka kai. Na cire mutane kuma ban yi nadama ba. Amma ban taɓa cire mace ba sai na kira ta, sannan na faɗa a zaure dalili. Maganar kuɗi kuwa ba a goge ta. Mai gaskiya littafi yake buɗewa, shi ya sa ranar kwasa nake ɗora hoton nawa kowa ta gani.

Tsohon Sakatare:
Ɗana, kana neman magani a cikin waya, alhali ciwon a unguwa yake. Kuɗin jama'a ne, kuma kuna da mai unguwa, kuna da liman. Ka samu mutum uku cikin waɗanda suka biya, kada ka je kai kaɗai a mai da shi rigimarku ta biyu. Kada ka ce ya ci, tunda ba ka gani ba, kuma ƙazafi na iya juyowa kanka. Ka ce lissafi kuke so a karanta bayan sallar isha'i. A wannan zaman ku nemi a raba hannun da ke riƙe kuɗi da hannun da ke riƙe zaure. Na yi sakataren ƙungiya shekaru, ma'aji daban, shugaba daban, ba a cire kuɗi sai mutum biyu sun sa hannu. In ya ƙi, ku buɗe sabo, dattijon da ba ruwansa da kuɗi ya zama mai buɗewa, ku rubuta ƙa'ida a goshin zauren: ba a cire kowa sai admin biyu sun yarda an kuma faɗi laifinsa.

Tela Mai Keke:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Na yi magana da mai kanti da direban da ke bayan layinmu, ashe shi ma an goge nasa tun watan jiya ya yi shiru. Gobe in Allah ya kai mu za mu sami liman. Ƙanena Ɗan Kwamfuta, akwai hanyar dawo da saƙon da aka goge, ko sai in nemi wanda ya ɗauki hotonsa?