Wace irin lasifika ce ta dace da nuna bidiyo a aji daga kwamfutar tafi-da-gidanka?

Malamar Kimiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyar da ilimin halittu a babbar sakandare, kuma a zangon nan na fara nuna wa ɗalibaina gajerun bidiyo daga kwamfutata ta tafi-da-gidanka, wadda nake haɗawa da majigi. Hoton yana fita tas a jikin bango, amma sautin ya zame mini alaƙaƙai. Ajin yana ɗaukar ɗalibai 45, tsawonsa ya kai mita 9, ga kuma fankoki biyu suna juyawa a sama. A makon jiya na nuna musu yadda zuciya take harba jini, sai na lura cewa 'yan layin baya sun daina kallon bango, sun koma zungurin 'yan gabansu suna tambayar abin da mai bayanin ya faɗa. Daga ƙarshe kashe fankokin na yi, duk da haka maganar ba ta isa baya ba.

Ina neman lasifikar da za ta shiga jakata tare da kwamfutar, domin azuzuwa huɗu nake zagayawa a rana. Na ga ƙanana masu shan wuta daga USB, na ga masu Bluetooth da batir, na kuma ga wata da aka rubuta wat 300 a kwalinta alhali ba ta fi tafin hannuna ba. Wacce daga cikinsu ya kamata in nufa?

Mai Gyaran Rediyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da yin watsi da wat 300 ɗin nan. Idan kika duba kwalin da kyau za ki ga haruffan PMPO a gefen lambar, kuma wannan awo ne na 'yan talla wanda ba shi da wata tsayayyiyar ƙa'ida. Lambar da za ki nema ita ce wadda aka rubuta RMS kusa da ita, domin ita ce take nuna ƙarfin da lasifikar za ta iya bayarwa a kai a kai. Sau da yawa ina buɗe irin waɗannan masu ɗaruruwan wat a kan teburina, in tarar da abin da yake ciki bai wuce na wat uku ba.

Masu shan wuta daga USB kuwa iyakarsu a fili take. Kafar USB 2.0 tana ba da wat 2.5 ne kacal, ta USB 3.0 kuma wat 4.5, kuma lasifika ba za ta daɗe tana fitar da abin da ya fi wanda take sha ba. Sun dace da mutum ɗaya a gaban teburinsa. A ajin mita 9 za su fi lasifikar kwamfutarki, amma da ɗan kaɗan, musamman da yake sauti yana raguwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) duk lokacin da nisa ya ninka a fili. A cikin ɗaki raguwar ba ta kai haka ba saboda bango yana maido da wani abu, amma dai yaron da yake mita 8 daga lasifika yana samun abin da ya gaza na yaron da yake mita ɗaya nesa ba kusa ba.

Shawarata ita ce ki nemi mai wat 10 zuwa 20 na RMS, wadda take da batirinta ko wayar soket ɗinta, kuma tana da kafar waya ta milimita 3.5, irin wadda ake jona abin kunne. Kada ki ruɗu da wadda take girgiza tebur da amo mai kauri. Abin da yake sa a bambance kalma da kalma yana cikin siririn sauti ne, wajen haz 2,000 zuwa 4,000 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), inda baƙaƙe irin su sa da ta da fa suke, kuma lasifikar da aka ƙera domin kiɗa takan binne su. Idan za ki gwada, ki gwada da muryar mai bayani, ki koma nesa ki saurara.

Malamin Tarihi ya rubuta:

Na goyi bayan Mai Gyaran Rediyo a kan maganar jona lasifika da waya, domin ni Bluetooth ya ba ni kunya har sau uku. Na farko shi ne jinkiri. Sautin yakan makara da kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan, abin da ba a damuwa da shi a waƙa, amma da zarar fuskar mutum ta bayyana yana magana sai ki ga baki ya rufe murya tana ci gaba, yara kuma su bar darasi su kama dariya. Na biyu, yawancinsu suna kashe kansu idan suka yi minti 15 ko 20 ba sauti, wato daidai lokacin da kika tsayar da bidiyo kina bayani a allo. Na uku ya fi ban haushi: wata rana ina cikin nuna bidiyo wayar wani ɗalibi ta riga kwamfutata kama lasifikar, kuma har aka tashi ban gano ko wane ne ba.

Akwai wani abin da nake zargi a kan matsalarki ta yanzu. Idan da wayar HDMI kike haɗa majigin da kwamfutar, wayar tana ɗauke da hoto da sauti duka, kuma Windows yakan karkatar da sautin zuwa majigi da kansa. Mai yiwuwa ne abin da ɗalibanki suke ji ƙaramar lasifikar majigin ce, wadda ƙarar fankar cikinsa take dannewa. Ko kin sayi sabuwar lasifika, sai kin taɓa alamar sauti a ƙasan allon kwamfutar kin zaɓe ta, in ba haka ba za ta zauna shiru ki ɗauka lalatacciya ce.

Jami'ar Kayan Koyarwa ta rubuta:

Ni ban yarda a yi wa Bluetooth kuɗin goro ba. Amfaninsa shi ne yana ba ki damar ajiye lasifikar inda ya dace, har nisan mita 10 ko kusa da haka, ba inda tsawon waya ya tsaya ba. Jinkirin ma yana gyaruwa: a VLC, manhajar kunna bidiyo, a kan Windows, maɓallan J da K suna matsar da sauti gaba ko baya da kashi ɗaya cikin 20 na sakan a kowace dannawa. Abin da na fi so shi ne ki sayi mai hanyoyin biyu, sai dai ki duba da idonki, domin sababbi da yawa an cire musu kafar waya.

Wurin ajiyewar ne nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba. Lasifikar da aka ajiye a teburin malami tana harba sautinta ne cikin ƙirjin 'yan layin farko, jikinsu da littattafansu su shanye shi. Ki ɗora ta a kan kabad ko kanta, sama da kawunan ɗalibai a zaune, kusa da hoton, fuskarta tana kallon tsakiyar aji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada hayaniyar da take cikin aji ta wuce desibel 35, kuma fankoki biyu kaɗai sun isa su ƙetare wannan. Idan kuma ɗakin mai siminti ne sama da ƙasa, ƙure ƙara yana ƙara amsa-kuwwa ne, sai kalmomi su hau kan juna.

Malamar Kimiyya ta rubuta:

Na gode muku ƙwarai. Zargin Malamin Tarihi ya tabbata, ashe duk makonnin nan daga majigi sautin yake fita. Yau na ari wata mai wat 16 da ake jonawa a soket, na ɗora ta a kan kabad, kuma da na tambayi yarinyar da take kusurwar baya ta maimaita jimlar ƙarshe, ta maimaita ta daidai ba tare da an kashe fanka ba. Sai dai akwai wani gurnani mara yankewa da yake fitowa daga lasifikar ko da bidiyon yana tsaye.

Mai Gyaran Rediyo ya rubuta:

Malama, gobe ki zare cajar kwamfutar daga soket ki saurara. Idan gurnanin ya ɗauke, to lasifikar lafiyarta ƙalau, wuta ce take zagayowa tsakanin na'urorin ta hanyar wayar sauti. Ki jona kwamfuta da majigi da lasifika a kan soket guda mai baki da yawa, ko ki bar kwamfutar a kan batirinta har bidiyon ya ƙare. Idan kuma bai ɗauke ba, ki sauya wayar sautin da wata gajera, ki raba ta da wayoyin wuta, sannan ki kai ƙarar kwamfutar wajen kashi 80 cikin 100 ki rage ta lasifikar.