Akwai wanda ya karanta littafin J.K. Rowling na siyasar ƙaramin gari?

Malamar Firamare, Anguwar Rogo:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya karanta The Casual Vacancy, littafin da J.K. Rowling ta fitar a 2012 bayan ta gama da Harry Potter. A wajen masu tsofaffin littattafai na Taminus na same shi, na gama makon jiya, kuma har yau ya ƙi barin raina. Wanda bai karanta ba ya yi haƙuri, zan taɓo ƙarshen labarin.

A wani ɗan gari na Ingila mai suna Pagford aka gina shi. Wani kansila, Barry Fairbrother, ya yanke jiki ya faɗi ya mutu, tun ba a binne shi ba aka fara lissafin wanda zai gaji kujerarsa. Amma da na yi nisa sai na ga kujerar ba ita ce abin faɗan ba. Akwai unguwar talakawa a gefen garin, Fields, wadda manyan gari ke so su yakice daga jikinsu su mayar wa babban birnin da ke kusa, don 'ya'yan unguwar su daina shiga makarantar 'ya'yansu, a kuma rufe asibitin masu shaye-shaye. Shi mamacin a Fields aka haife shi, shi ke tsaya musu. Da ya tafi, ba su da kowa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Krystal, yarinya 'yar shekara 16, uwarta ta yi nisa a shaye-shaye, ita ke wanke ƙaninta Robbie ta kai shi makaranta. Ina da irinta a aji. Takan zo a makare, bakinta ba linzami, kuma in ka bincika ita ce uwa a gidansu. Ranar da Robbie ya faɗa kogi, manya uku sun gan shi yana yawo shi kaɗai, kowa ya kau da kai ya wuce da damuwarsa. Wallahi a nan na ajiye littafin na yi kuka.

Tambayata biyu. Ni kaɗai ce na ga Jos a ciki? Sannan 'yata mai shekara 15 ta ga sunan marubuciyar ta nace sai ta karanta. In ba ta?

Tsohon Sakataren Mazaɓa, Bukuru:

Wa alaikumus salam Malama. Na karanta, kuma ni ban yarda da kwatancen gaba ɗaya ba. Kansilan ƙaramin gari a Ingila galibi ba albashi yake ɗauka ba. Howard Mollison, shugaban majalisarsu, mai shagon kayan abinci ne, abin da yake nema girma da faɗa a ji. Mu kuwa nan kuɗi ne a tsakiya. Ƙananan hukumomi 774 kowace tana da kasonta daga asusun tarayya duk wata, kuma shekara da shekaru kuɗin ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke bi, sai abin da gwamna ya ga dama. Shi ya sa har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan su kai tsaye, a kuma daina naɗa kantomomi a gurbin zaɓaɓɓu.

Na zauna a ofishin jam'iyya na mazaɓa, na ga yadda ake fitar da ɗan takarar kansila. Ba a gardamar asibiti ko makaranta. Daga sama ake aiko da suna, a ce a yi maslaha, sauran su janye. Mutanen Pagford duk munin halinsu sun zauna sun yi muhawara sun kaɗa ƙuri'a a kan makomar unguwar. Mu ko wannan ba mu samu ba. Don haka ni da na karanta, har wani kishi na ji.

Ma'aikaciyar Jinya, Farin Gada:

Baba, ka yi gaskiya a batun kuɗi, amma ina bayan Anti Malama. Ka tuna abin da ya faru a Jos ta Arewa a ƙarshen Nuwamban 2008. Zaɓen shugaban ƙaramar hukuma ne fa, ba na gwamna ba, ba na shugaban ƙasa ba, amma cikin kwana biyu aka rasa ɗaruruwan rayuka, Musulmi da Kirista. Da kuɗin wata kawai ake wa faɗa, da bai kai haka ba. Tun da gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar a 1991 tambayar da ke ƙasa ɗaya ce: wane ne ɗan gari, wane ne baƙo, wa za a sa wa hannu a takardar shaidar asali, ɗan wa zai samu gurbin karatu da aiki. Ita ce tambayar da ke cikin littafin nan, sai dai su da murmushi da kofin shayi suke yin ta.

Ni wurin da ya tsaya mini shi ne zaman majalisar da Howard ya ce masu shaye-shaye su suka so, su nemi ƙarfin hali su daina, likitar nan Parminder ta fusata ta tambaye shi nawa aka kashe wajen jinyar zuciyarsa alhali ya ƙi rage ci. Ta karya ƙa'idar aikinta, don sirrin majinyaci ba abin faɗa a taro ba ne, kuma ta ɗanɗana kuɗarta. Amma na fahimci abin da ya tunzura ta. Tun da aka hana sayar da maganin tari mai kodin a 2018 yaranmu suka koma wasu ƙwayoyin, kuma duk wanda aka kawo mana maganar da za ka fara ji ita ce, ai shi ya ja wa kansa. Ba mai tambayar gidan da ya fito.

Batun yarinya kuwa, Anti, kada ki ba ta yanzu. Akwai zagi mai nauyi, akwai fyaɗe, akwai yarinyar da ke yanka jikinta da reza, sannan Krystal ɗin kashe kanta ta yi. Ba Harry Potter ba ne ko kusa.

Ɗalibi, Jami'ar Jos:

Ni na karanta ina aji biyar na sakandare, kuma rabin farko ya gundure ni. Mutane sun yi yawa, sai na yi ta komawa baya ina neman wace ce matar wa. Sannan marubuciyar ta matsa wa manyan garin, kusan ba ta bar ko ɗaya da halin kirki ba. Howard ma ai yana da hujjarsa, kuɗin harajinsu ne ake kashewa, amma ta zana shi yadda ba za ka iya sauraronsa ba.

Abin da ta kama daidai shi ne yaran. Su ne suka shiga shafin majalisar a intanet da sunan fatalwar mamacin suna tona asirin iyayensu, don sun ga abin da iyayen ke yi a gida ya saɓa wa abin da suke faɗa a waje. Mama, in za ki hana ta, ki gaya mata dalili, don littafin yana nan a waya ga duk mai nema.

Malamar Firamare, Anguwar Rogo:

Na gode muku duka. Zan ajiye shi sai ta gama sakandare, kuma zan zaunar da ita in faɗa mata abin da ke ciki da bakina.

Baba Sakatare, ina da tambaya gare ka tunda ka san cikin gida. Rufin aji biyu a makarantarmu iska ta yaye tun damina, yara na zaune a ƙasa. Firamare a ƙarƙashin ƙaramar hukuma take, amma kansilanmu ya ce ba huruminsa ba ne, mu je wajen sakataren ilimi, shi kuma ya ce sai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta saki kuɗi. Iyayen yara sun ce a rubuta takarda kowa ya sa hannu. Wa ya kamata mu kai wa da farko, kuma mu je mu kaɗai ko mu ɗauki mai unguwa?