Makamai masu guba ko makaman watsa guba, wanne za mu tsaida?

Salamu alaikum 'yan uwa, ku taimaka mani da kalma. Jiya ina ma ɗalibaina bayani nan Gusau kan yarjejeniyar da anka sa ma hannu a Paris cikin 1993, ta fara aiki 1997, wadda ta haramta abunda Turawa ke ce ma "chemical weapons", irin makamin da gwamnatin Saddam ta zuba ma Kurdawan garin Halabja na Iraƙi a 1988 mutum wajen 5000 sunka mutu, na ce "makamai masu guba" yadda muke ji a rediyo, sai wani yaro ya ɗaga hannu yace Malam to har da kibiya mai dafi ta maharba kenan? Wallahi shiru na yi, yaron ya yi gaskiya.

Abokin aikina yace a ce makaman sinadari. A takarda daidai ne, amma a bakin iyayenmu mata sinadari abun miya ne, kalmar ba ta da tsoro ko kaɗan. Guba kuwa mu Zamfarawa ba sai an fassara muna ba, gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum yara sama da 400 ta ɗauke, Allah Ya jiƙansu. Dole guba ta zauna cikin sunan.

Abunda na gani shi ne kibiya mutum ɗaya take nema, wannan ko watsa shi ake yi iska ta ɗauka ta shiga ɗaki ɗaki, ba ruwanta da soja ko jinjiri. Don haka ni nace makaman watsa guba. Ɗan uwanshi da yarjejeniyar 1972 ta hana sai mu ce makaman watsa cuta, don in kace makaman ƙwayoyin cuta ya yi tsawo, in anka gajarce ya koma makaman ƙwaya, samari su zaci ƙwayar maye ake nufi.

Inda har yanzu raina bai kwanta ba shi ne "kwance ɗamara". Wanda ya kwance ɗamara yana iya sake ɗaurawa gobe, mun ga ajiye makamai a jihar nan mun ga abunda ya biyo baya. Ita ko yarjejeniyar ta Paris lalatawa tace a yi, masu sa ido daga Hague suna tsaye suna kallo, a haka Amurka ta ƙarasa lalata nata a Yulin 2023. Malamanmu na Gwandu da Argungu, don Allah akwai tsohuwar kalmar yaƙi da ke nufin a karya makamin kwata kwata ba a rataye shi ba?