Wane kamfas mai araha ya dace da hawan Duwatsun Shere?

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum jama'a. Ni da abokaina mukan hau Duwatsun Shere da ke kusa da Jos ranar Asabar, kuma da hunturu in hazo ya sauka, duwatsun nan duk sai su zama kama ɗaya. Waya kuwa sanyi na cinye mata caji. Ina neman kamfas irin wanda ake saita dutse ko bishiya daga nesa a karanta digirinsa, ba na alƙibla da ake maƙalawa a darduma ba. A kasuwar Terminus na ga masu koren gidan ƙarfe irin na soja, da gilashin leƙawa da siririyar waya a murfi, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. A intanet kuma ga na roba masu madubi. Aljihun dai ba nauyi. Wanne zan ɗauka?

Baba Rukuba:
Wa alaikumus salam, ɗana. Koren gida ba shi ne kamfas ba. Yawancin masu arahar nan kwaikwayo ne, to kada ka biya sai ka gwada. Fita daga shagon, nesa da ƙofar ƙarfe da babura, ka ajiye wayarka. Kusanto da makulli har farantin ciki mai nuna arewa ya juya, sannan ka janye. In ya koma daidai inda yake, madalla. In ya tsaya wani wuri daban, ko sai ka ƙwanƙwasa kafin ya motsa, mayar masa da abinsa. Ka kuma lura, na soja lamba iri biyu gare shi: da'irar digiri 360 da ta mil 6400 (mil ma'aunin kusurwa ne na soja, ba na nisa ba). Kada ka haɗa su. Kuskuren digiri 1 kaɗai, a tafiyar kilomita 1, ya kauce da kai kusan mita 17.

Yar Farin Gada:
Baba ya yi gaskiya, amma ni mai madubi zan ba ka shawara, Malam. Da irinsa muke fita aikin fili. Gindinsa roba ce garau, kana ɗora shi kan taswira kana ganin layukan ta ciki, ka ɗauki digiri nan take. Na soja sai ka nemi wani ma'auni daban. Wajen saiti kuma ka karkato murfin, ka miƙa hannu daidai ido, ka sa dutsen a ɗan tsagin da ke saman murfin, allurar kana kallonta a madubi. Silva na Suwidin da Suunto na Finlan su ne sanannu, kuma na hannu ma yana aiki in robar ba ta tsage ba.

Ga inda za ka rage kuɗi: akwai masu ɗan sukurun gyara bambancin arewar allura da arewar taswira. A nan Jos bambancin bai kai digiri 2 ba, ba sai ka biya wannan ba. Abin dubawa shi ne yankin da aka daidaita allurar dominsa. Mu muna daf da layin tsakiya na maganaɗisun duniya, wadda aka yi wa Turai kuwa takan ɗan rinjaya gefe guda. Riƙe shi a miƙe ka gani ko tana gogar ƙasa.

Mai Shayin Bauchi Road:
Ku duba kumfa a ruwan ciki ma. Ƙarama takan fito da sanyi ko a saman tsauni, ta ɓace in an sauko. Wadda ta zauna daram tana ture allura, yoyo ne.

Ɗan Gangare:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karkata ga mai madubin. Baba, saura guda: in na saita dutse daga gindin bishiya, ta yaya zan san hanyar komawa?

Baba Rukuba:
In digirin bai kai 180 ba, ƙara 180. In ya wuce, cire 180. Ka gwada a filin ƙwallon unguwarku tsakanin raga da raga kafin Asabar, kuma ka rubuta lambar a takarda, kada ka ce za ka riƙe a ka.