Muhawara: A koyar da lissafi da Hausa har aji shida?

Malama mai aji huɗu: Assalamu alaikum iyayena da abokan aiki. Maganar da na yi a taron malamai har aka tashi ba a daddale ba, ita na kawo nan. Ni a ganina da Hausa ya kamata a koyar da lissafi tun daga aji ɗaya har aji shida. Wata yarinya ce a ajina ta sa na tsaya a kan haka. Awara take sayarwa da yamma a bakin layinmu. Ka ci ta ɗari uku da hamsin ka miƙa mata ɗari biyar, kafin ka goge hannu ta ba ka ɗari da hamsin. Jiya na karanta mata wannan lissafin da Turanci yadda yake a littafi, ta tsaya tana kallona idonta ya ciko da ƙwalla. Wallahi har na koma gida abin yana ci mini rai.

Injiniya: Wa alaikumus salam Malama. Na tausaya wa yarinyar, amma ban yarda ba. WAEC da NECO da JAMB duk da Turanci ake rubuta su. Ki riƙe yaro shekara shida da Hausa, ranar da ya shiga sakandare sai ya koma ɗan koyo, 'ya'yan masu hali kuwa sun yi masa nisa. Talaka za a ƙara cuta. Sannan ina kalmomin? Tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa muna da su. Daga nan fa?

Alaramma: Injiniya, kalmomi kam akwai, sai dai ba a shigo da su aji ba. Rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni, duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san su. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya: matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi. Sai mu nemi adadin da takwas da shida duk za su raba shi ba saura, mu sami 24. Matar ta ɗauki 3, uwar 4, 17 na 'ya'ya. A zaure ake yin wannan, da Hausa, gaban magada da idonsu ke kan kowane kaso. Kuma Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alkahira a 1741, ya yi rubutu a kan yadda ake jera hatimin lambobi, kowane layi ya ba da jimla ɗaya. Daga ƙasar nan ya fita.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, ai da Larabci ya rubuta.

Alaramma: Haka ne. Amma mu nan da Hausa ake fassara wa ɗalibi karatu baƙi-baƙi har ya gane, sannan ya riƙe Larabcin. Ba wanda ya ce fassarar ta hana shi Larabci.

Baba Hedimasta: Ku bari tsoho ya sa baki. An gwada abin nan a Najeriya. A 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara koyar da yara komai da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma darasi ne guda da ƙwararren malami ke koyarwa. Da aka auna su da waɗanda aka juya wa harshe zuwa Turanci a tsakiyar firamare, 'yan Yarbancin ba su gaza ba, a darussa da dama ma sun wuce, kuma Turancinsu bai lalace ba. Tsoron da kake ji, ɗana, an riga an sa shi a sikeli.

Injiniya: Baba, ranka ya daɗe, na san da aikin Ife. Sai dai su sun rubuta littattafai, sun horar da malamai, ga kuɗin gidauniyar Ford a bayansu. Mu fa? A 2022, zamanin da Adamu Adamu ke ministan ilimi, gwamnatin tarayya ta amince a yi firamare duka da harshen uwa. Wa ya ga littafin lissafi na aji biyar da Hausa a makarantarsa? Aka zo Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin.

Baba Hedimasta: To ka ga an soke abin da ba a fara ba ke nan. Wannan ne ke ba ni takaici.

Malam daga Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Mu nan Nijar tun 1973 aka buɗe makarantun gwaji da ke fara karatu da harsunan ƙasa, har da Hausa, kafin Faransanci ya shigo. Amma ga abin da nake so ku duba. A kasuwarmu da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar. Ka ce wa yaro dala ashirin, ya san sefa ɗari ce. Dala sittin, ɗari uku. Wuni yake yana ninkawa da biyar yana rabawa da biyar, bai san sunan abin ba. Ya zo lakwal, wato makarantar boko, a sa shi rera jadawalin biyar da Faransanci kamar bai taɓa gamuwa da shi ba. Ni da dala nake buɗe darasin, kuma ban taɓa ganin aji ya yi shiru a ranar ba.

Maman 'yan biyu: Ni uwa ce, ba malama ba. Gaskiya don Turanci na kai nawa makarantar kuɗi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Amma na tambayi Hassan bakwai sau takwas, sai da ya koma bakwai sau ɗaya ya rero har ya iso. Na ce ga kwano bakwai, kowanne da ƙosai takwas, nawa ke nan? Ya ce ba a koya musu wannan ba.

Malamin sakandare: Hajiya kin taɓo inda yake mini ciwo. Ni ina ganin duk kun ɗora wa harshe kayan da ba nasa kaɗai ba. Ko da Hausa aka yi hadda, hadda ce. Ina karɓar yara a aji ɗaya na ƙaramar sakandare da ba su iya 52 a ɗebe 17 ba. An ce musu "ari ɗaya daga maƙwabci", ba su san me aka ara ba. Sai na kawo tsinken tsintsiya, ɗauri biyar na goma-goma da tsinke biyu a gefe. Na ce a cire bakwai. Yaro ya duba biyun nan, ya duba ni, can sai ya kai hannu da kansa ya kwance ɗauri guda. Sha biyu, ya cire bakwai, saura biyar. Ɗauri huɗu, ya janye ɗaya, saura uku. Talatin da biyar. Ya ɗago kai yana murmushi, shekara shida ana ce masa ya ara, yau ya ga ashe goma ake kwancewa. Matsalar ita ce muna tura yaro gaba da shekaru, manhaja na gudu, shi yana baya. Tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi ya gyara wannan: a gwada kowane yaro, a zaunar da shi rukunin abin da ya iya, ko ajinsa nawa. An gwada shi a Borno, an kuma yi a Kano, a Wudil da Dawakin Tofa.

Malama mai aji huɗu: Malam, da wane harshe ka ce masa ya cire bakwai ɗin?

Malamin sakandare: Da Hausa mana.

Malama mai aji huɗu: To ai maganata ke nan.

Malamin sakandare: Rabinta ce. Da na yi Hausar ba tsinke, da haddar zai sake yi. Kuma bayan ya gane sai da na rubuta masa sunan abin da Turanci, ya maimaita, domin takardar jarrabawa na jiransa.

Injiniya: Wannan na yarda da shi. A fahimtar da Hausa, a ba shi kalmar Turancin a ranar, tun daga aji ɗaya. Abin da na ƙi shi ne a rufe ƙofar Turanci sai aji shida. Har yanzu ban sauka daga nan ba.

Malama mai aji huɗu: Ni ma ban sauka ba, domin na san yadda "a haɗa biyun" ke ƙarewa a ajin yara tamanin: malami ya kwafe Turancin a allo, Hausar ta zama ta tsawa kawai. Amma zan gwada. Ranar Litinin zan ba su tambaya goma, in karanta da Turanci. Laraba in sauya lambobin in karanta da Hausa. Sannan mako uku na tsinke, in sake duka biyun.

Injiniya: Ki rubuta sakamakon kowane yaro daban, kada a haɗa jimla. Ina so in ga na mai awarar.

Baba Hedimasta: 'Yata, ki turo yaro gobe bayan la'asar. Akwai tsintsiyar kwakwa sabuwa guda uku a gida, da robar ɗauri.