Neman kalmar Hausa: "simulation de tissu" kafin Litinin

Malamin aji: Salama alaikum. Ina koya wa ɗalibai 14 zane mai motsi da manhajar kwamfuta ta Blender nan Maraɗi, kuma ranar Litinin za mu shiga abin da Faransanci ke kira "simulation de tissu". Ba ɗalibi ne ke motsa rigar da hannu ba. A kwamfuta, yadin tamkar raga ce ta ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo da nauyinsa, an ɗaure shi da maƙwabtansa kamar da roba, sai kwamfuta ta lissafa faɗuwarsa hoto 24 a kowace daƙiƙa. Jiya wata ɗalibata ta ɗinka babbar riga, ta manta ba ta kunna karo ba, wato abin da ke hana yadi ratsa jiki, rigar ta ratsa kafaɗar mutumin da ke cikin zanen ta zube ƙasa. Na so in yi mata bayani da Hausa, bakina ya tsaya. Me zan kira wannan "simulation de tissu"?

Ɗan Tibiri: Motsin zane, Malam.

'Yar Sabon Gari: Wane zanen? Na ɗaurawa ko na fensir? A ajin da komai zane ne, yara za su rikice. Kwaikwayon yadi.

Baba Tela: Rawar yadi. Shekara 30 ina kan keke, yadi rawa yake yi. Shadda mai sitaci da ta sha bugu tsaye take, karyewa take yi. Siliki kuwa zuba yake kamar ruwa.

Malamin aji: Baba, wannan shi ne ma'aunin tauri da na lanƙwasa a Blender, zan ɗauki misalinka. Amma rigar da aka yafa bisa kujera ta kwanta fa? Ita ma lissafi ne, ba ta rawa.

Baba Tela: Kafin ta kwanta ai ta yi rawa, ɗana.

Ɗan Tibiri: Ni yadin ne bai kwanta mani ba. Aro ne daga Ingilishi, ta Kano ya shigo. Muna da tufa, muna da ƙyalle. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, sai mu ci gaba da jiran Kano ta raɗa mana suna?

'Yar Sabon Gari: Yaya, je babbar kasuwa ka ce a auna maka tufa mita 5. Tufa sai an ɗinka. Ƙyalle kuma guntu ne.

Ɗan Tibiri: Masaƙan kakanninmu ba su san yadi ba.

Baba Tela: Sun san saƙi da fari. Ni dai rawar yadi.

Malamin aji: Lokaci ya ƙure mani. Zan rubuta "kwaikwayon motsin yadi" a allo. Karo ya zauna, tauri ya zauna. Ɗigon da ake kafewa don kada rigar ta zame, har yanzu ba ni da sunansa.

Ɗan Tibiri: To, na wannan Litinin kawai. Ɗigon kuwa ka ce maƙali.